Saƙon Uwar Lawal Musa

Shekaranjiya ina zaune a rumfata a tashar Faskari, na ji ɗaya daga cikinku, ku samarin nan masu kai saƙo a kan babur, yana cewa wai aikin nan ba ya buƙatar koyo. Ka karɓi kaya, ka karɓi lambar waya, ka kira, ka miƙa, shi ke nan. Ban tanka masa ba, don a lokacin ina ɗaure wani kwalin maganin feshi da za a kai Daudawa. To yau tunda tasha ta yi sanyi, ku matso da bencin nan in ba ku labarin aikin da na haura shekara arba'in ina yi. Sunana Garba. A tashar nan kaɗai mu huɗu ne Garba, shi ya sa ake ce mini Garba Mai Saƙo.

A hannun Malam Tanimu na koya, Allah ya jiƙansa. Shi ne wakilin gidan waya a garin nan a wancan zamanin. Wasiƙu da ƙananan ƙunshi suna zuwa masa daga Funtua cikin buhu, shi kuma ya san yadda zai yi su isa ƙauyuka. Ya ɗauke ni ina ɗan shekara ashirin, don ina karanta boko da ajami, kuma ƙafata ba ta gajiya. Kayan aikin ba su da yawa. Baƙin keke mai kariya, jakar fata, leda don damina, alli don yin alama a jikin buhu, sai yankakken tsohon tib na mota da muke ɗauri da shi. Har gobe ban ga igiyar da ta kai tib riƙe kaya a hanya mai gargada ba. Ku da kuke ɗauri da igiyar leda, ku gwada shi ku gani.

Saƙon farko da ya sake mini in kai ni kaɗai wani ɗan ƙunshi ne, bai fi tafin hannu ba. An rubuta a bayansa: Malam Sani, kusa da masallaci, Daudawa. Na hau keke ina jin kaina. Da isata na tambayi wani mai rake a bakin hanya, ya nuna mini wani dattijo zaune a gindin darbejiya. Na yi sallama na ce, "Baba, kai ne Malam Sani?"

Ya ce, "Ni ne."

Na ce, "Ga saƙo daga ɗanka na Kaduna."

Ya ce, "Allah shi yi mashi albarka." Ya kwance, sai ga tabarau. Ya maƙala a hanci, ya dubi sama, ya dubi tafin hannunsa, ya ce, "Kai, yaron nan ya san ciwona!"

Na dawo ina ta washe baki. Bayan mako guda sai ga wani dattijon daban a ƙofar Malam Tanimu. Shi ma Malam Sani, shi ma daga Daudawa, shi ma gidansa kusa da masallaci. Tela ne. Idonsa ya yi rauni har ba ya iya zura zare a allura, ga salla ta matso, ga yadin mutane jibge a shagonsa. Ɗansa ya kai shi an auna idon a Kaduna, ya ce zai aiko da tabarau, shiru.

Malam Tanimu bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ɗauko keke, ya hau baya, na tuƙa mu har Daudawa. Malam Sani na gindin darbejiya bai yi gardama ba, don shi ma da gaske yana da ɗa a Kaduna, kuma da zuciya ɗaya ya karɓa. Amma da zai cire tabaran sai ya ce, "Kwana bakwai ina ganin fuskar jikokina tas, yau kun zo ku maida ni inda na fito." Telan ya yi dariya har da tari, ya ce, "Takwara, bari in gama ɗinkin salla, ni zan sa a kai ka a auna naka." Kuma ya cika alkawari.

A hanyar dawowa Malam Tanimu ya ce in tsaya mu sha iska. Ya ce, "Garba, ka san inda ka yi kuskure? Kai ka ba shi amsa da bakinka. Ka ce daga ɗanka na Kaduna. A ƙasar nan wane gida ne ba shi da wani a Kaduna? Kada ka ƙara tambayar mutum ko shi ne. Tambaye shi wa yake sa ran zai aiko mashi, daga ina, kuma mi mutumin ke yi a can. In ya faɗa daidai, ka miƙa." Ya kuma ce tun a wurin karɓa ake gyara aiki. Kada in bar mai aikowa ya juya baya sai ya faɗa mini sunan uban wanda za a kai wa, da laƙabinsa, da sana'arsa, da garin da unguwarsu ke jingine da shi.

Ku duba yadda muke raɗa suna, za ku ga dalili. Ɗan fari Lawal, mai bi masa Sani, sai Salisu. Wadda aka haifa ran Talata Talatu, ta ran Asabar Asabe. Ka shiga kowane ƙauye ka ɗaga murya ka ce Malam Sani, mutum biyar za su waiwayo. Garuruwan ma haka. Sabon Gida, Tudun Wada, Unguwar Liman, babu ƙasar hakimin da ba ta da nata. Har kaya ba su tsira ba. Wani azumi an ɗoro buhun ƙanƙara daga Funtua za a kawo wa wani mai sayar da zoɓo a nan Faskari, mai aikowa ya rubuta ƙanƙara a jikin buhun don a bi da shi a hankali. Masu lodi suka karanta, suka jefa shi a motar Ƙanƙara. Kafin a gane, abin da ya rage buhu ne jiƙaƙƙe da ɗan ƙaiƙayi. Ni kaina na sha kai daudawa Daudawa, kuma duk ranar sai an tsokane ni.

Sannan ga iyayenmu mata. Wata tsohuwa ta taɓa kawo mini kaset, a zamanin da ake naɗar murya a rediyo a aika wa 'yan ci-rani. Na ce, "Inna, wa za a kai wa?" Ta ce, "Yaron nan." Na ce wane yaro? Ta kau da kai ta ce, "Mai sunan Malam." Ɗanta na fari ne, ba za ta kama sunansa ba, kuma sunan surukinta ne da shi, shi ma ba ta faɗa. Sai da na bi ta har gida maƙwabciyarta ta faɗa mini. Wannan ba a koyonsa a waya. Ka san wanda za ka tambaya, ka san wanda tambayar za ta ba kunya.

Zamani ya juya. Wasiƙu suka ja baya, Malam Tanimu ya rasu, na kafa rumfar nan, direbobi suka riƙa sauke mini saƙo ina rarrabawa. Na sayi babur, na rataye keken a zaure. Da waya ta zo, ba zan ɓoye muku ba, ta rage mini wahala ƙwarai. Ni ma na fara sakaci da tambayoyin nan.

Sai shekarar nan mai wuya ta zo. Kun san ta, wasunku a lokacin kuka baro ƙauyukanku. Mutane suka watse daga gidajensu saboda 'yan bindiga, suka cika gari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye. Ana cikin haka aka katse layin waya a duk yankin nan, wata da watanni. Hawa babur ma ya zama abin lissafi, man fetur kuma ya yi wuya. Na sauko da keken daga zaure, na sa masa sabuwar taya. Mutanen da suka manta da rubuta wasiƙa suka dawo suna layi a rumfar nan. Wanda bai iya rubutu ba sai ya tare direba ya ba shi saƙon baki, direban ya ba wani direban, wannan ya ba ɗan kamasho.

Da kaka a shekarar, wata Lahadi, wani direban babbar mota da ake kira Sule Dogo ya sauke mini 'yar jakar bakko. Masara yake kaiwa Legas. An ɗinke bakin jakar da zare, an rubuta a jikinta da baƙin alƙalamin maka: Uwar Lawal Musa, Unguwar Rimi. Ya juya zai tafi, na riƙo hannun rigarsa.

Na ce, "Tsaya, Sule. Wace Unguwar Rimi?"

Ya ce, "Ya ce ta wajenku."

"Ta wajenmu uku ce. Akwai ta kusa da Mabai, akwai ta nan yamma da mu, akwai ta bayan Damari. Wane ne ya ba ka?"

Ya ce, "Wani mai shayi ne a garejin da muke sauke kaya. Gajere, yana ɗingisa ƙafar hagu. Ya ce wata uku bai ji ɗuriyar gida ba. Akwai atamfa da sabulu a ciki, da wata 'yar waya da ya naɗi muryarsa, tunda tsohuwar ba ta karatu."

"Yaushe ya ba ka?"

"Ran Talatar nan da ta wuce. Hannu da hannu, har shayi ya haɗa mini."

Na fara da ta kusa. Mutanen Unguwar Rimi ta yamma sun taso gaba ɗaya, suna zaune a wasu kangaye a bayan gari. Na sami mai unguwarsu, Malam Ɗanlami, yana gyaran tabarma a inuwa. Bayan mun gaisa na ce, "Ranka shi daɗe, kuna da Lawal Musa a cikinku?"

Ya ajiye tabarmar ya ce, "Muna da shi da. Allah shi jiƙan shi. Jibi ake sadakar arba'in."

Ya ba ni labari. Wani direba ne da ba su san shi ba ya tsaya a mararraba, ya ce a gaya wa mutanen Unguwar Rimi ɗansu Lawal Musa ya rasu a Legas, zazzaɓi ne na kwana uku, 'yan'uwa Hausawa sun yi masa sutura a can. Babu waya balle a kira a ji. Uwarsa, Inna Hauwa, ta karɓi gaisuwa. Matarsa Rabi ta shiga takaba da 'ya'ya biyu.

Na yi lissafi a zuci. Mutumin da ya rasu kwana talatin da takwas ba ya haɗa wa direba shayi ran Talata. Na ce, "Wace sana'a yake yi a can?"

Ya ce, "Da zai tahi, shayi ya ce zai yi. Amma wanda ya kawo labarin ya ce ruwa yake turawa a kura. Ka san ci-rani, abin da ka samu shi kake yi."

"Yana da wata alama a jiki?"

"Ɗingishi. Amalanke ya taka shi yana ƙarami. Wai mi ya faru ne, Garba?"

Sai na jawo shi gefe, na nuna masa jakar, na faɗa masa abin da Sule Dogo ya faɗa mini, ban ƙara ba ban rage ba. Dattijon nan ya ce, "Kada mu ce mata yana da rai. In muka ce, ya zamana ba shi ba ne, mun kashe mata shi sau biyu. Mu ba ta kayan kawai."

Muka shiga tare. An yi wa ɗakin ƙofa da buhu. Inna Hauwa na zaune a tabarma da carbi, mata biyu suna surfen geron sadaka a tsakar gida. Malam Ɗanlami ya ce, "Hauwa, ga Mai Saƙo ya zo da kaya daga kudu, sunanki ne a kai." Ni ba na buɗe kayan mutane, don haka na ajiye a gabanta, na ba ta reza. Ta farke zaren a hankali. Ta ciro atamfa, ta shafa ta, ta ce, "Allah sarki. Ashe ya aiko kafin ya kwanta."

Na ce, "Inna, akwai waya a ciki. An ce akwai magana."

Ta miƙo mini, na kunna, na ɗora a kan tabarma. Murya ta fito, da ƙarar motoci a bayanta. Ya yi sallama, ya gaishe ta, ya tambayi Rabi da yara da sunayensu. Ya ce ya ji an tashi daga gari, hankalinsa ba a kwance yake ba, kullum yana gwada waya ba ta shiga. Sannan ya ce, "Jiya muka yi Maulidi a nan, na tuna da wainar da kike yi mana."

Masu surfe suka tsaya da taɓare a sama. Maulidi bai fi kwana shida da wucewa ba, kowa a gidan ya sani.

Inna Hauwa ta ce, "Maida shi baya." Na mayar. Ta saurara har wurin Maulidin, ta ce, "Ƙara." Sau uku. Sannan ta dubi mai unguwa ta ce, "Malam, wanga yaro, yaushe ya yi maganar nan?"

Ya ce, "Ran Talata, Hauwa. Wanda ya karɓo kayan ya sha shayinsa."

Ba ta yi ihu ba. Ta juya gabas ta kai goshinta ƙasa, ta daɗe a haka. Rabi ce ta fito daga ɗaki da gudu ba ko ɗankwali, ta ɗauki wayar ta manna a kunne, tana kuka tana dariya. Kafin ka ce kwabo gidan ya cika. Wata tsohuwa tana ta tsokanar Rabi wai ta yi takabar mai rai, sai ya dawo ya biya ta. Wani ya ce to a sauke batun sadaka, a dafa geron nan a yi murna.

Sai Inna Hauwa ta ɗago ta ce, "A'a. An ce an yi mashi wanka, an yi mashi salla, an rufe shi. To wa aka rufe?" Ta ce, "Ɗan wata ne. Tana can tana jiran shi. Jibi a yi sadakar nan yadda aka shirya, ai ba tawa ba ce, ta mamacin ce." Ta juyo gare ni ta ce, "Kai Mai Saƙo, ka nemo mani uwar shi."

Aka yi sadakar arba'in ranar da aka sa, liman ya yi addu'a ga Lawal Musa, wanda Allah ya san ko na wane gida ne.

Ni kuma na shiga nema. Ran kasuwa na tare direbobin Ƙanƙara na tambaye su Unguwar Rimi ta wajen Mabai. Suka ce suna da Lawal Musa, amma tsoho ne mai jikoki, bai taɓa wuce Zariya ba. Saura ta bayan Damari. Na bar keken, na shiga mota ta Funtua, na bi ta Dandume har Sabuwa, don an ce mutanensu can suka koma. Na sami wani dattijo a cikinsu, Malam Isiyaku, na yi masa tambayoyina ba tare da na faɗi dalili ba. Ya ce suna da Lawal Musa, ɗan marigayi wansa ne. Dogo ne, yana tura ruwa a Legas. Wata biyu ke nan ba a ji daga gare shi ba, amma ai kowa ma ba a ji daga nasa ba. Ya nuna mini uwarsa, Gwaggo Talatu, tana zaune a ƙofar gida da farantin ƙuli-ƙuli.

Na je na gaishe ta. Ta gane ni, don na taɓa kai mata kaya. Ta ce, "Mai Saƙo, ba ka da komi nawa daga kudu?"

Na ce, "Ba yau ba, Gwaggo."

Ta ƙulla mini ƙuli-ƙuli a leda ta ce in ci a hanya.

Ban faɗa wa kowa a Sabuwa ba. Labarin da ya ɓata gida ɗaya saboda an faɗe shi da ka, ba zan kai shi gida na biyu da ka ba. Na dawo na rubuta wasiƙa zuwa ga Lawal mai shayi, na zayyana masa komai, na ce ya binciko mana wanda ya rasu, ya aiko da shaida. Sule Dogo ya tafi da ita. Kwana goma sha biyu muna jira.

Amsar ta zo da 'yar jaka. A ciki akwai riguna biyu, da hula, da waya mai fasasshen gilashi, da katin zaɓe mai hoton wani dogon saurayi. A wasiƙar Lawal ya ce ya san shi sarai. A garejin ana kiransu Lawal Shayi da Lawal Dogo, suna ce wa juna takwara, kullum a teburinsa yake karyawa. Shi ya kai shi asibiti, yana cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Kuma shi da bakinsa ya tare wani direba ya ce don Allah a kai labari Unguwar Rimi ta Damari. Kalmar Damari ce ta faɗi a hanya, tsakanin baki da baki. Ashe da kansa ya aiko wa uwarsa labarin mutuwarsa.

Na karanta wa Inna Hauwa wasiƙar a gaban mai unguwa. Na ce gobe zan kai kayan Sabuwa, in sami Malam Isiyaku da limaminsu su shiga su faɗa mata. Ta ce, "Da ni za ka."

Malam Ɗanlami ya ce, "Hauwa, hanyar nan ba ta da kyau yanzu. Ki bari maza su je."

Ta ce, "Maza su faɗa a zaure su tashi. Wa zai zauna da ita? Ni na san nauyin abin nan, kwana talatin da takwas na ɗauke shi. Ba zan bari ta ɗauka ita kaɗai ba."

Da safe ta fito da sabuwar atamfar nan a ƙulle, ba ta ɗinka ba, da ƙwaryar gero. Muka shiga mota. Tun daga Faskari har Sabuwa tana jan carbi. Na sami Malam Isiyaku, na ba shi katin. Ya dube shi ya yi salati, ya aika aka kira liman. Su suka fara shiga suka faɗa. Muna zaure muka ji salatin Gwaggo Talatu. Sai Inna Hauwa ta tashi ta shiga. Katangar zana ce, ana jin komai.

Ta ce, "Baiwar Allah, ba ki san ni ba. Daga Faskari nake. Ni ma uwar mai sunan ce. Ni aka fara kai wa labarin nan bisa kuskure." Ta ƙara da cewa, "Na zo in gaya maki ba a bar ɗanki ba. An yi mashi uku, an yi mashi bakwai, an yi mashi arba'in. An sauke mashi Alƙur'ani. Ni na zauna a wurinki ban sani ba."

Gwaggo Talatu ta ce, "Kin yi mashi kuka?"

"Na yi, har idona ya kumbura."

"To Allah shi saka maki. Matso nan kusa da ni."

Kwana bakwai Inna Hauwa ta yi a gidan. Ita ke karɓar masu gaisuwa, ita ke sa Gwaggo Talatu ta ci abinci. Ni na koma na ɗauko ta, kuma ta baro atamfar a can.

Daga baya layin waya ya dawo. Lawal Shayi ya zo gida da salla, ya kwana ɗaya a Faskari, washegari ya ce in raka shi Sabuwa. Ya durƙusa a gaban Gwaggo Talatu ya ba ta labarin kwanakin ɗanta na ƙarshe, abin da ya ci, abin da ya faɗa, da inda aka rufe shi. Ta saurara har ƙarshe, ta sa masa albarka, ta ce ya tashi ya ci tuwo.

Ya koma Legas, yana can har yanzu da teburinsa. Yana da lambar kowa, yana kira duk Juma'a. Amma tun daga shekarar bai ƙara aiko da jaka ɗaya ba. Biyu yake aikowa, girmansu ɗaya, abin da ke ciki iri ɗaya, rubutun da ke kansu ma ɗaya: Uwar Lawal Musa, Unguwar Rimi. Ga su can a ƙarƙashin benci, jiya Sule Dogo ya sauke su. Wanda zai yi Sabuwa gobe a cikinku ya ɗauki ɗaya ya kai wa Gwaggo Talatu. Kada ku tsaya tambayata wacce ce tata. Duk wadda hannunku ya kai, ita ce.